Waƙar gara da ɗalibata ta rubuta: ku taya ni feɗe ta

Malama Hadiza (Unguwar Rogo):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman taimakon malamai da masu sha'awar waƙa. Makon jiya na ba 'yan aji biyar aikin gida, na ce kowa ya zaɓi ƙwaro ɗaya ya yi masa waƙa, daga baya mu feɗe waƙoƙin tare a aji. Dalilina shi ne na gaji da yadda suke haddace ma'anar siffantawa da kamantawa amma in ka ajiye musu baiti a gaba sai su yi tsuru-tsuru. Yawancinsu sauro suka ɗauka, wasu ƙudan zuma. Yarinya ɗaya ce ta ɗauki gara, kuma tata ce ta hana ni barci. Da izininta na kawo, ga ta:

Gara ɗaliba mai naci,
Ba a kai ki makaranta ba.

Kin cinye littafin Baba,
Ko baƙi ɗaya ba ki sani ba.

Kin yi hanya kin rufe da laka,
Har yau rana ba ta gan ki ba.

Ke da sata 'yan ɗaki ɗaya,
Amma ba a taɓa kama ki ba.

Kin shiga katako kin bar fenti,
Waje sumul, ciki ba haka ba.

Rufin ɗaki yana nan tsaye,
Ranar faɗuwa bai sani ba.

Tambayata biyu ce. Ɗangon farko, wato layin farko, siffantawa zan ce wa yara ko mutuntarwa? Sannan gaba ɗaya waƙar, a kan gara take ko wani abu ake nufi?

Sani Dilimi:
Wa alaikumus salam Malama. Wannan ai ba ta da wuya in muka bi tsarin da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa na feɗe waƙa. Zubi: ƙwar biyu ce, wato kowane baiti ɗango biyu, baiti 6. Babban amsa-amo, wato sautin da kowane baiti ke ƙarewa da shi, shi ne "ba". Ɗangon farko mutuntarwa ce, tunda an ɗauki abin da ba mutum ba an ba shi halin mutum, wato ɗalibta. Mutuntarwa kuwa reshe ce ta jinsintarwa, wato ba wa abu halin wani jinsi da ba nasa ba, tare da dabbantarwa da abuntarwa. Babu kamantawa ko ɗaya a waƙar domin ba a yi amfani da "kamar" ko "tamkar" ko "sai ka ce" ba. Jigo kuma ɓarnar gara. Abin da zan ɗan soka shi ne amsa-amon. "Ba" ta korewa ita ce mafi araha a Hausa, kowace jimla ka kore ta za ta ƙare da ita. Ki nuna wa yarinyar ta riƙa wahalar da kanta wajen neman kalma.

Baba Ɗanjuma (Bukuru):
Sani, ɗana, ka jera kayan aiki daidai, amma ba ka taɓa naman ba tukuna. Shekara 31 na yi ina koyar da Hausa kafin in ajiye alli, kuma abin da ya fi ɓata mini rai a takardun yara shi ne irin wannan jerin: ga mutuntarwa, ga amsa-amo, ga jigo, shi ke nan an tashi. To me mutuntarwar ta yi a wurin? Me ya sa ɗaliba, ba ɓarauniya ba, ba baƙuwa ba?

Ku duba baiti na biyu. Mu Hausawa in yaro ya ƙware a karatu mukan ce ya cinye littafin. Yarinyar nan ta ɗauki wannan magana tamu ta mayar da ita inda ta fito, ta ba mai cin littafi da baki na gaskiya. Kalmar "cinye" tana aiki biyu a lokaci ɗaya, kuma sai da ta fara kiran gara ɗaliba sannan harshen damon ya yiwu. Ɗangon farko tarko ne da aka ɗana domin na uku. Wanda ya ce "mutuntarwa" ya wuce, bai ga tarkon ba.

Batun "ba" kuwa, ban yarda da kai ba ko kaɗan. Gaskiya ne tana da araha. Amma karanta ɗangogin ƙarshe su kaɗai: ba a kai ki ba, ba ki sani ba, ba ta gan ki ba, ba a kama ki ba, ba haka ba, bai sani ba. Duk waƙar a kan abin da ba a gani ba ne kuma ba a sani ba. Ita gara haka take aikinta. Amsa-amon ya dace da ƙwaron kamar an auna.

Sani Dilimi:
Allah ya ƙara girma Baba. Na karɓi maganar "cinye", wallahi ban lura da ita ba. Amma a yi mini adalci. Yaran nan jarrabawar WAEC da NECO ke gabansu, kuma mai gyaran takarda suna yake nema. In aka ce "wane irin adon harshe ne a wannan ɗango", yaro ba zai rubuta labarin tarko ba, kalma ɗaya ake so. Ni kaina a makarantar da na yi, na taɓa cika shafi guda ina bayanin yadda wani baiti ya taɓa ni, malamin ya ja jan biro ya ba ni 2 cikin 10 don ban ambaci sunan adon ba. Har yau abin yana ci mini rai. Ba na son ɗaliban Malama su sha irin wannan.

Baba Ɗanjuma (Bukuru):
Wannan malamin bai kyauta maka ba. Su rubuta sunan, ban hana ba. Amma su ƙara jimla ɗaya bayansa da ke faɗin aikin da ya yi. Ba ta cin minti ɗaya.

Malama Hadiza (Unguwar Rogo):
Na gode Baba, na gode Malam Sani. To amma har yanzu ban sami amsar ta farko ba. Ni a ganina "gara ɗaliba" siffantawa ce, domin an ce wannan shi ne wancan kai tsaye ba tare da "kamar" ba. In na ce wa yara mutuntarwa, gobe wani ya kawo mini "Audu zaki ne" ya ce dabbantarwa ce, me zan ce masa?

Sani Dilimi:
Ki ce masa bai yi kuskure ba, Malama. Ta fuskar ginin jimla siffantawa ce, ta fuskar jinsin da aka ƙetara kuma dabbantarwa. Haka ma na garar. Abin da ya sa na fi karkata ga mutuntarwa shi ne ba a ɗango ɗaya ta tsaya ba: ana yi mata magana da "ke" da "kin" tun daga farko har baiti na biyar, kamar mai ji. Har sata ma an mayar da ita mutum mai 'yar'uwa, rana tana da ido, rufin ɗaki yana da sani da rashin sani.

Rifkatu (Tudun Wada):
Sannunku da muhawara. Ni adabin Turanci nake koyarwa, amma Hausa na tashi da ita, bari in sa baki. Abin da Sani ya faɗa yanzu ya sa na koma na ƙirga. Baiti biyar ana cewa "ke", a na shida sai aka saki garar gaba ɗaya, aka juya ga rufi. Ba a ma ambace ta ba. Ni wannan juyin ne ya fi tsorata ni, domin ƙwaron ya ɓace daga waƙar kamar yadda yake ɓacewa cikin katako.

Game da tambaya ta biyu, ni na karanta ta a matsayin alamtarwa, wato garar alama ce ta wani abu daban. "Waje sumul, ciki ba haka ba." Wa bai san ofisoshin da aka shafa wa fenti ba alhali an cinye cikinsu? Wa bai san masu satar da ba a taɓa kamawa ba? Ni dai ƙasar nan na gani a rufin ɗakin.

Kuma yin wa'azi da ƙwaro tsohon abu ne. A Littafin Karin Magana na cikin Littafi Mai Tsarki, sura 6 aya 6, an tura rago wurin tururuwa ya koyi hikima. A Ingila ma John Donne, wanda ya rasu a 1631, ya yi waƙa sukutum a kan ƙuma, alhali zancen soyayya yake yi. Ba safai mawaƙi ke tsayawa kan ƙwaro don ƙwaron kansa ba.

Ummi Gangare:
Anti Rifkatu, yarinya 'yar shekara 15 ko 16 fa? Anya ta yi wannan zurfin? Kada mu ɗora mata kayan da ba ta ɗauka ba. Mu a Gangare gara ba alama ba ce, maƙwabciya ce. Bara waccan sai da muka canza ƙyauren ɗakin Mama.

Rifkatu (Tudun Wada):
Ummi ƙanwata, yaran yanzu suna jin abin da manya ke faɗa a gida da cikin keke. Kuma ko ba ta nufa ba, in kalmomin sun ɗauki ma'anar, mai karatu yana da haƙƙin ganinta.

Auwal Vom:
Ni ba malamin Hausa ba ne, aikin ɗakin gwaje-gwaje nake yi a nan Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun 1924. Ƙwari muke kallo kullum, kaska da tsando da sauransu. Abin da zan ce shi ne yarinyar nan ta kalli gara da idonta, ba ji ta yi ba.

Baiti na uku: garar da ke aiki jikinta laushi ne, busasshiyar iska tana kashe ta, yawancinsu ma ba su da ido. Shi ya sa take gina wannan siririyar hanyar laka a jikin bango ta bi ta ciki. In ka kankare da farce za ka gan su farare suna kai da kawowa, ka dawo bayan awa kaɗan sun toshe wurin. Baiti na biyar: tana cin katako ta ciki ta bar ɓawo siriri a waje, har fenti bai tsage ba. Sai ka danna da yatsa ya burma. Duk abin da ta faɗa haka yake.

Wuri ɗaya ne kawai zan yi gyara. "Har yau rana ba ta gan ki ba" gaskiya ne ga ma'aikatan, amma shingen da ke fitowa bayan ruwan farko, wanda yara ke ajiye wa kwanon ruwa a ƙarƙashin ƙwan lantarki, shi ma gara ne. Su ne masu fiffike da ke fita su kafa sabon gida. Sai dai su ma da yamma ko da dare suka fi fitowa, don haka ɗangon bai faɗi ba.

Malama Hadiza (Unguwar Rogo):
Ikon Allah. Na ci shinge tun ina yarinya ban taɓa haɗa shi da garar da ke cin littafi ba. Malam Auwal, tunda kana nan, ga baiti ɗaya daga waƙar wani yaro a kan sauro, shi ma ya burge ni:

Sauro maroƙi marar kunya,
Ka yi kiɗa ka biya kanka.

Auwal Vom:
Ya yi daɗi, amma a ilimance akwai magana. Macen sauro ce ke cizo, domin jini take bukata ta yi ƙwai. Namijin ruwan furanni yake sha, bai taɓa cizon kowa ba. Wadda ke kawo zazzaɓin cizon sauro ma macen wani jinsi ce da ake kira anofilis. Da "ki" ya ce da ya fi daidai. Inda ya dace shi ne da ya ce kiɗa bai ce waƙa ba, domin ƙarar daga kaɗawar fiffike take fitowa, ba daga baki ba. Haka gyare ma, fiffikensa yake gogawa, kuma namijin ne kaɗai ke yi.

Sani Dilimi:
A nan kam zan kare yaron. Hausa ce ta riga ta raba: sauro namiji, ƙuda namiji, gyare namiji, kiyashi namiji. Gara mace, tururuwa mace, fara mace. Bahaushe ba zai ce "sauro ta cije ni" ba ko da likita ne. Mawaƙi da harshensa yake aiki. Kuma ku lura jinsin kalmar shi ke jan hoton: da sauro mace ne a Hausa da zabiya yaron zai ce, ba maroƙi ba. Da gara namiji ne da "ɗalibi" za mu gani, kuma "ke da sata 'yan ɗaki ɗaya" ba za ta zauna yadda ta zauna ba, tunda sata ma mace ce.

Baba Ɗanjuma (Bukuru):
Yauwa Sani. Yanzu ka fara feɗewa.

Hadiza 'yata, ga abin da nake yi a aji lokacin da nake koyarwa, ko zai yi miki amfani. Kafin in buɗe littafi sai in ce su kawo mini maganganun da ke bakinsu masu ƙwaro a ciki. Nan da nan allo ya cika. Jerin gwano. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Da sauran rina a kaba. Zuma ga zaƙi ga harbi. Ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. Cinnaka ba ka san na gida ba. Wani ya ce "ya yi zanzaro", sai in tambaye shi ya taɓa duba ƙugun zanzaro? Sai ya yi shiru, sannan ka ga fuskarsa ta washe, don yau ne ya gane me ya sa ake kiran cusa riga cikin wando da sunan ƙwaro. Shekara da shekaru yana faɗa bai san siffantawa yake yi ba.

Wanda na fi so shi ne malam-buɗe-littafi. Ku tsaya ku kalli sunan nan. Wani Bahaushe da ba mu san sunansa ba ya ga ƙwaro ya sauka kan fure yana buɗe fiffike yana rufewa a hankali, ya ga malami zaune da littafi. A cikin suna ɗaya akwai mutuntarwa, akwai siffanta fiffike da shafi, akwai umarni kamar yara na tsokanarsa. Ƙoƙi matar Gizo ma ai ƙwaro ce, ƙoƙi-ƙoƙin nan mai ɗaga hannuwa biyu. Yaro in ya gane cewa kakarsa tana yin adon harshe tun kafin a ba shi suna a jami'a, tsoron darasin ya fita daga ransa.

Ummi Gangare:
Baba, to Gizo fa? Wata ƙawata a kan gizo-gizo ta yi nata aikin lokacin muna makaranta aka ce ba ƙwaro ba ne.

Auwal Vom:
A kimiyya ƙafa shida da jiki kashi uku ake dubawa. Gizo-gizo ƙafarsa takwas, haka kaska da kunama, don haka rukuninsu daban. Amma kalmar "ƙwaro" a bakin Bahaushe ta fi wannan faɗi, duk ta kwashe su. In darasin Hausa ne ni ban ga laifinta ba.

Malam Nura (Rikkos):
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, sai da na ga Malam Auwal ya ce yarinyar ta kalli gara da idonta. Wannan ita ce maganar.

A waƙoƙin Larabawa na kafin Musulunci akwai baitoci biyu na Antara ɗan Shaddad da malaman balaga suka daɗe suna jinjina wa, kuma a kan ƙuda ne. Yana siffanta wani dausayi da ruwa ya jiƙa, babu kowa sai ƙuda yana ta gunji shi kaɗai kamar mashayin da ke rera waƙa. Sannan ya ce yana goga hannu da hannu kamar mai dungu da ya duƙufa kan ƙyastu yana neman wuta. Duk wanda ya taɓa zura wa ƙuda ido a bakin kwano ya ga wannan gogawar. Dubban mutane sun gani, shi ne ya tsaya har ya samo abin da ta yi kama da shi. In ka ce wa ɗalibi "kamantawa ce" ka ba shi maki, amma bai san me ya sa baitin ya rayu shekara fiye da 1,400 ba.

A Alƙur'ani mai girma kuma, ba waƙa ba ne, amma a nan muka fara koyon buga misali. Sura ta 16 sunan ƙudan zuma take ɗauke da shi, ta 27 tururuwa, ta 29 gizo-gizo. A Baƙara aya 26 Allah ya ce ba ya jin kunyar buga misali da sauro. A Hajji aya 73 an buga misali da ƙuda. A Ƙamar an kamanta fitowar mutane daga kaburbura da fari masu watsuwa.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne baitin ƙarshe na yarinyar. A Suratu Saba aya 14, Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta aiki ba su sani ba, har sai da ƙwaron ƙasa, wanda malaman tafsiri suka fassara da gara, ya ci sandar ya faɗi. Abu yana tsaye a ido alhali an gama da cikinsa. In yarinyar tana zuwa Islamiyya, ba mamaki wannan hoton yana kwance a ranta ko ba ta tuna ba lokacin da take rubutu.

Rifkatu (Tudun Wada):
Malam Nura, na gode da wannan, ban san labarin sandar ba. Ya ƙara mini ƙarfi kan cewa baitin ƙarshe ya wuce katako.

Ummi Gangare:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Malama, ba za ki tambaye ta ba kawai?

Sani Dilimi:
Ko ta faɗa ba shi zai rufe maganar ba, Ummi. Amma ni ma ina son ji.

Malama Hadiza (Unguwar Rogo):
Salam. Ku yi haƙuri da shiruna tun jiya, sai yau bayan an tashi na samu na zauna da ita.

Na fara da karanta mata abin da Baba ya ce kan "cinye". Ta rufe fuska da hijabi, ta ce da gangan ta yi, ta ɗauka ba wanda zai lura. Na tambaye ta batun "ba", ta ce da farko don sauƙi ta ɗauka, amma da ta kai baiti na uku ta so ta canza sai ta ji waƙar ta ƙi.

Da na zo kan maganar Anti Rifkatu da ta Malam Nura, ta saurara sosai, ta ce ta san labarin sandar amma ba shi ne a ranta ba, ba kuma gwamnati ba. Mahaifinta ya rasu shekara biyu da suka wuce. Littattafansa suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, ba wanda ke taɓawa. Da damina ta ja kwalin za ta ɗauki ɗaya, sai saman ya biyo hannunta gindin ya zauna a ƙasa. Ta ce bangon littattafan yana nan lafiya, har sunansa da ya rubuta da biro a kai, amma tana buɗewa sai laka da gari. Guda uku kawai suka tsira.

Na ce to rufin fa? Ta ce ta bi hanyar lakar da ido daga bayan gadon, ta hau bango, ta shige cikin silin. A ɗakin suke kwana ita da mahaifiyarta da ƙannenta biyu. Ta gaya wa mai gidan hayar tun watan Agusta, ya ce zai turo kafinta.

Ban iya ce mata komai kan adon harshe bayan nan ba.

Auwal Vom:
Malama, wannan ba abin jira ba ne. A sami babba ya ɗaga silin ɗaya ya haska da tocila, ya ƙwanƙwasa kowane katako da gindin sukundireba. Wanda ya yi ƙarar holoƙo ko ya burma, an cinye shi. Kafin nan su janye gado da katifa daga ɓangaren da hanyar ta hau. Kada su kankare lakar tukuna, ita za ta nuna inda gidan yake. Ranar Asabar ina shigowa gari, in mahaifiyarta ta amince zan zo in duba da kaina, ki yi mini magana ta akwatin sirri.

Baba Ɗanjuma (Bukuru):
Allah ya jiƙan mahaifinta. Hadiza, in an tashi sayen katako a sanar da ni, da hannuna a ciki. Littattafai ukun nan kuma ta fitar da su daga ɗakin yau, ta shanya su a rana.

Rifkatu (Tudun Wada):
Ni ma a sa ni. Akwai kafinta a layinmu, zan yi masa magana da yamma in ji nawa zai karɓa.